Dawakai sun tare ni, kyamara ta ci ni tara, ga yaro da hayaƙi a jaka

Baban Biyu (Lesta): Salam 'yan gida. Yau dai sai kun yi haƙuri da ni don satin nan ya gasa min aya a hannu. Waɗanda suka san ni sun san aikin kula da tsofaffi nake gida-gida a ƙauyukan gefen Lesta a Ingila, da motata nake zagayawa, kowace tsohuwa da lokacinta. To washegarin Kirsimeti ina da wata baba da ƙarfe 11 zan ba ta magani in haɗa mata shayi, na shigo wani siririn titi irin na ƙauyukansu wanda mota biyu ba sa gifta juna, shinge dama shinge hagu, kawai sai ga dawakai sun cika hanya wlh sun fi talatin, wasu da jar kwat wasu da baƙa, ga karnuka kamar garken awaki sai shinshine-shinshine suke, wani na busa ɗan ƙaho. Wata mata daga kan doki ta ɗaga min hannu wai in kashe mota kar in firgita mata dabba. Minti 25 ina zaune ina kallon jelar dawakai. Ko da na isa baba ta fara hawaye ta zaci an manta da ita, wajen aiki kuma suka rubuta min latti.

Na ce mata baba su waye waɗannan, ta ce 'yan farautar yanyawa ne duk shekara ranar suke fitowa. Na ce to ba an hana ba? Sai ta yi dariya ta ce an hana mana.

Ana wata ga wata. Na dawo gida na tarar da wasiƙa daga Landan, wai zuwan da na yi wajen yayana a unguwar Barking ta Landan na shiga da tsohuwar motata mai dizal ban biya kuɗin ULEZ ba, wato kuɗin da ake cajin motoci masu gurɓata iska a Landan, tara fam 180, in na biya cikin kwana 14 fam 90. Ban gama haɗiye wannan ba uwargida ta miƙo min wani abu kamar alƙalami mai ƙamshin mangwaro, a jakar makarantar babban yarona ta tsinta, shekararsa 15.

Tambayata wai a ƙasar nan wa doka take kamawa ne? Mai doki yana yin abin da aka hana shekara 20 da rana tsaka ba mai ce masa kanzil, ni da na je zumunci kyamara ta bi ni har gida, shi kuma wanda ya sayar wa yarona wannan abin yana nan a shagonsa hankali kwance.

Jikan Maharba (Kano): Tsaya tukuna Baban Biyu, yanyawa ko dila? Don ni a hoto abin ya fi kama da dila.

Ɗalibi (Glasgow): Yanyawa dai ta fi kusa yaya, sai dai tasu ja ce kuma ta fi tamu girma, ga jela buzu-buzu. Dila daban ne. A nan ma cikin gari suke yawo da dare suna yaga ledar shara, a bayan masaukinmu akwai guda ɗaya da ko kallonka ba ta yi.

Jikan Maharba (Kano): To in sun kama ci suke?

Ɗalibi (Glasgow): Ina fa. Karnuka ne ke yayyaga ta shikenan.

Jikan Maharba (Kano): Innalillahi. Doki talatin kare arba'in a kan abin da ba za a sa a tukunya ba? Mu in muka fita da rani mota guda ake cikawa, mutum da karensa da gorarsa da barandami, a kwana a dawa, abin da aka samu zomo ne ko gada ko zabo ko gafiya a dawo da shi gida yara su ci, wani ya sayar ya yi cefane. Wannan kam ba farauta ba ce hawan sallah ne da kare.

Ɗalibi (Glasgow): Baban Biyu bari in warware maka inda dabarar take don na ɗan karanta abin. Dokar ta 2004 ce lokacin firayim minista Tony Blair, ta fara aiki 18 ga Fabrairu 2005 a Ingila da Wales. Mu nan Scotland tun 2002 aka hana, a 2023 ma aka ƙara ɗaure ta. Ireland ta Arewa kuwa har yanzu ba a hana ba, an kai ƙudiri majalisarsu a 2021 ya faɗi. To abin da dokar ta hana shi ne a saki garken karnuka su bi dabba su kashe, amma ba ta hana hawa doki da jar kwat ba, ba ta hana fita da karnuka ba. Sai suka ɓullo da wata hanya, wani ya riga su fita ya ja tsumma mai warin yanyawa a ƙasa, karnuka su bi warin, su kuma su bi karnuka. A takarda ba dabbar da aka taɓa. Matsalar in kare ya shiga daji ya ji warin yanyawa ta gaske wa zai ce masa ba ita ake nufi ba? In an kashe sai a ce tsautsayi ne, kuma a kotu sai ka tabbatar da gangan aka yi, shi ya sa kamun ke da wuya. Jam'iyyar Leba ta sa a alkawuran zaɓen 2024 cewa za ta hana wannan bin warin ma gaba ɗaya.

Baban Biyu (Lesta): Wato dai an bar musu ƙofa a buɗe kenan.

Ɗalibi (Glasgow): Ko ƙofar ma da kyar aka samu aka ɗan tura ta yaya. A Satumban 2002 mutum wajen dubu 400 suka yi zanga-zanga a Landan don kar a hana, a 2004 wasu suka kutsa har cikin zauren majalisa ana tsaka da zama. Majalisar sama ta su masu sarauta ta yi ta dawo da ƙudirin, sai da aka ɗauko wata tsohuwar doka da ke ba majalisar ƙasa damar tsallake su sannan ya wuce. Shi kansa Blair daga baya ya ce ya yi nadamar dokar. Kuma fa kai a tsakiyar gidansu kake aiki, yankin Melton Mowbray ai nan ne cibiyar abin tun zamanin da.

Hajiyar Landan: Dokin mai baki ya fi gudu ai.

Malam Na Zaure: Assalamu alaikum. Ni dai abin da zan tsoma baki a kai ɗaya ne. Farauta da kare horarre halal ce, tana cikin Suratul Ma'ida, ka sake shi da bismillah ya kamo maka ka ci. Amma ko a Risala da muka karanta a zaure an faɗa, farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba ita ce halal. To ku auna abin da Baban Biyu ya gani da wannan ma'auni. Sai dai kar Jikan Maharba ya yi saurin murna, don cinna wa daji wuta saboda gafiya ɗaya a ƙone wa makiyayi ciyawar shekara shi ma ba shi da mazauni.

Jikan Maharba (Kano): Allah gafarta Malam ai masu sa wuta ba mafarauta ba ne, yaran gari ne. Mu ba ma yi.

Na Maraɗi: Hhhh ku ne dai, da faɗan dawa a kan zomo guda a sassare juna.

Manomin Turai (Yorkshire): Ni kam zan ɗan saɓa muku. Shekara huɗu ina aiki a gona a nan, na ga abin da yanyawa ke yi da idona. Ta shiga akurkin kaji da dare, da safe muka ƙirga 17 a kwance, guda ɗaya tak ta ɗauka sauran ta kashe ta bari. Lokacin haihuwar tumaki ma sai an yi ta sa ido. To manomi yana da hujjarsa in ya ce a rage su. Kuma ba duka masu fita ba ne masu kuɗi, akwai mai kula da karnuka, mai yi wa doki takalmi, mai sayar da ciyawa, abincinsu kenan. Abin da ke ƙona musu rai shi ne mutumin birni da bai taɓa ganin an yanka kaza ba, namansa a leda yake saye, shi zai zauna a Landan ya tsara musu yadda za su yi a ƙauyensu.

Hajiyar Landan: To ai dokar ba ta hana shi ɗaukar bindiga ya harbe ta ba ɗan uwa. Har kare biyu an yarje masa su koro ta ya harba. In rage su ake so me ya kawo jar kwat da ƙaho da shan barasa a kan doki kafin a tashi? A ce ana son nishaɗi kawai a huta.

Manomin Turai (Yorkshire): Wannan kuma gaskiya ne Hajiya ban musa ba. Maigidana ma bindiga yake amfani da ita, kuma ya hana su bi ta gonarsa tun da karnukansu suka tarwatsa masa tumaki masu ciki.

Direban Dare (Landan): Ku bar maganar kare mu dawo kan mota don nan ne ni abin ya taɓa ni. Baban Biyu sannu, amma wlh biya 90 ɗin nan tun kafin ta koma 180, ba a cin su a gardama. Motarka ta wace shekara ce?

Baban Biyu (Lesta): 2012, dizal. Lafiyarta ƙalau ko hayaƙi ba ta yi.

Direban Dare (Landan): Shi ne. Dizal in ba daga wajen ƙarshen 2015 zuwa sama ba yawanci ba ta wucewa, fetur kuwa ko ta 2006 ce tana wucewa. Fam 12.50 ne kullum in ka shiga. Da can tsakiyar gari kawai abin ya shafa lokacin da aka fara a 2019, sai magajin garin Landan Sadiq Khan ya faɗaɗa shi ya game duk Landan a ƙarshen Agustan 2023, har da su Barking ɗin. Abin haushin fa gwamnatin nan ce da bakinta ta riƙa kwaɗaitar da mutane dizal a shekarun baya har da rangwamen haraji wai ta fi alheri ga yanayi, talaka ya tattara ya saya, yanzu a ce masa motarsa guba ce. Mai kuɗi ya je ya ɗauko ta lantarki ko a jikinsa, ni sai da na ci bashi na canza tawa har yau ina biya. Haraji ne kawai aka sa masa farar riga.

Hajiyar Landan: A'a ƙanina ban yarda ba. Ka san labarin Ella Kissi-Debrah? Yarinya 'yar shekara 9, gidansu na dab da babban titin South Circular a Lewisham, asma ta yi ta kai ta asibiti har ta rasu a 2013. Uwarta ba ta haƙura ba ta yi ta bi har aka sake bincike, a Disamban 2020 mai binciken ya rubuta cewa gurɓatacciyar iska tana cikin abin da ya kashe ta, karo na farko kenan da aka rubuta haka a ƙasar nan. Kuma wa ke zaune bakin manyan tituna? Mu ne, baƙi da talakawa, don nan haya ta fi sauƙi. Jikata tana da abin shaƙa guda biyu, ɗaya a jaka ɗaya a makaranta, in sanyi ya shigo ba ma barci kirjinta sai ka ce ana busa usur. Kuna cewa talaka talaka, ai mafi talaucin ma ba shi da mota sam, bas yake hawa yana shaƙar hayaƙin naku.

Direban Dare (Landan): Allah ya ba ta lafiya Hajiya. Amma in guba ce a hana mana gaba ɗaya, ya za a ce in ka biya 12.50 ka zo ka zuba gubar? Kenan mai kuɗi ya sayi izinin cutar da jikarki.

Hajiyar Landan: Wannan maganar taka ta fi ta farko ma'ana. Amma in aka hana gaba ɗaya ku ne za ku fara ɗaukar zarto kuna yanke kyamarori kamar yadda wasu suka yi ta yi.

Baban Biyu (Lesta): Hajiya ni ban ƙi maganarki ba wlh, a Landan in ka ajiye mota ga jirgin ƙasa ga bas kowane minti. Amma ku zo ku ga inda nake aiki. Akwai ƙauyen da bas sau biyu yake shiga a rana, Lahadi babu sam, tashar jirgin da suke da ita tun shekarun 1960 aka rufe ta yanzu gidan wani ce. Tsofaffi 7 nake zagayawa a yini, in ba mota ya zan yi, in hau doki ni ma? Kuma albashin da ake ba mu ba zai sayi motar 2016 a tashi ɗaya ba, kuɗin man da suke maido min ma bai kai abin da nake zubawa ba.

Na Maraɗi: Ka kawo mana ta 2012 ɗin nan, a wajenmu sabuwa ce dal a leda. Abin da Turai suka ce guba ne ai Kwatano yake sauka mu yi ta rububi.

Ɗalibi (Glasgow): Wasa kake amma gaskiya ce mai ɗaci. Iskar Landan ta gyaru motar kuma tana can tana hayaƙi a Maraɗi ko Kano.

Anti Nas (Bamingham): Ni duk kun bar babbar maganar kun kama kare da kyamara. Fam 90 za a biya a manta, yaron fa? Baban Biyu dan Allah kafin ka ɗaga hannu ka saurare ni, kuma ka san ma a nan in ka taɓa shi ya faɗa a makaranta wata fitinar ce. Abin da ka gani sigarin lantarki ne, ba taba a ciki amma akwai nikotin, shi ne sinadarin da ke kama mutum, kuma a jikin yaro yana saurin kamawa. Dokar nan tun 2015 ta hana sayar wa ɗan ƙasa da 18, har babban da ya saya wa yaro laifi ya yi. Irin wanda ake sha a yar kuma an hana sayar da shi gaba ɗaya daga 1 ga Yuni 2025, to in nasa irin wannan ne ka ga mai shagon laifi biyu ya yi kenan. Sai dai kamfanonin sun fi kowa wayo, suka fito da mai kama da shi sak an ɗan sa masa wajen caji shikenan ya zama halal.

Ta fannin sigari na gaske ƙasar nan ta yi ƙoƙari a gaskiya. 2007 aka hana sha a cikin gidajen abinci da wuraren aiki, shekarar kuma aka ɗaga shekarun saye daga 16 zuwa 18, 2015 aka hana sha a mota in da yaro a ciki, sannan aka cire wa kwalin duk ado aka bar hoton ruɓaɓɓen huhu, aka hana ƙaramin kwali mai kara 10, kwali ɗaya yanzu ya haura fam 14. Binciken hukumar lafiya ta NHS na 2023 a kan 'yan shekara 11 zuwa 15, kashi 3 cikin ɗari ne ke shan sigari, amma na lantarkin kashi 9, kuma ɗaya cikin huɗu ya taɓa gwadawa. To ka ga ba ɗanka kaɗai ba ne.

Jikan Maharba (Kano): An sayar da kare an sayi biri, tsuguno bai ƙare ba.

Direban Dare (Landan): Amma Anti ba ku ne kuke ba mutane shi a asibiti su daina sigari ba?

Anti Nas (Bamingham): Eh ga babban da ya shekara 20 yana zuƙa, ya fi masa sigari sauƙin illa nesa ba kusa ba. Amma yaron da bai taɓa shan komai ba me zai daina? Wa aka yi wa ɗanɗanon mangwaro da kankana da alawa, ɗan shekara 50? Ni dai ban taɓa ganin dattijon da ya ce sai mai kalar ruwan hoda zai saya ba.

Kawu Mai Ritaya (Zariya): Baban Biyu ɗana, bari in ba ka labarina ko zai yi maka amfani. Ni ina ɗan shekara 13 na fara, kuma ba abokan banza suka koya min ba, aike ne. Wani ƙanin babanmu kullum bayan la'asar zai ba ni kuɗi in sayo masa kara biyu wajen mai tireda, ya ce in kunno masa ɗaya a wutar mai shayi don ba ya son ɓarnar ashana. To ka san sigari in ba ka ja ba mutuwa take a hanya. Daga ja ɗaya don kar ta mutu, na koma ja uku, na koma ina rage masa canji. Lokacin kamfanin taba na nan Zariya yana aiki, manoma na noma ta, ba wanda ke ganin abin a bakin komai. Ranar da babanmu ya ji wari a bakina ya ɗaure ni a turken akuya ya zane ni da igiyar guga har sai da maƙwabta suka shigo. Ka san me dukan ya koya min? Tauna ganyen gwaba da goro kafin in shiga gida. Shekara 31 na yi ina sha. Abin da ya raba ni da ita ba duka ba ne ba wa'azi ba, ranar da 'yata ta fari tana 'yar shekara 6 ta naɗe takarda ta sa a baki tana kwaikwayona a gaban baƙi ne. Yanzu hawa bene ɗaya sai na tsaya na huta a tsakiya.

Ka zaunar da shi ku biyu ban da uwarsa ban da ƙaninsa, ka tambaye shi tun yaushe, wa ya fara ba shi, sau nawa a rana. Ka bar shi ya gama magana ko da ranka na tafasa.

Baban Biyu (Lesta): Na gode Kawu, Allah ya ƙara lafiya. Wlh jiya da na ga abin har na cire bel, uwarsa ce ta riƙe ni.

Malam Na Zaure: Allah ya saka wa Kawu. A Najeriya ma fa akwai doka tun 2015, ta hana sayar wa yaro ɗan ƙasa da 18 ta kuma hana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Ku fita bakin titi yanzu ku aiki ɗan shekara 8 ku ga ko za a hana shi. Don haka Baban Biyu maganar wa doka take kamawa ba ta Ingila kaɗai ba ce.

Ɗalibi (Glasgow): A Birtaniya akwai kuma ƙudirin da tsohon firayim minista Rishi Sunak ya fara kawowa, Leba suka ɗauka suka ci gaba da shi, duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairu 2009 ba za a taɓa sayar masa da sigari ba har ya tsufa. Ɗanka yana ciki kenan yaya.

Direban Dare (Landan): Wannan kuma shirme ne. Wata rana ɗan shekara 41 zai aiki ɗan 42 ya sayo masa sigari? New Zealand ai sun yi irinta a 2022, sabuwar gwamnati na hawa ta soke tun ba a fara ba. Ni abin da na lura gwamnatin nan komai sai ta sa hannu, gudun motarka, abin da za ka zuƙa, abin da karenka zai bi. A Wales ma an mayar da gudun cikin gari mil 20 a 2023 mutum sama da dubu 400 suka sa hannu a takardar ƙorafi. Babba da hankalinsa a bar shi mana.

Anti Nas (Bamingham): Babba da hankalinsa yawanci yana yaro mara hankali ya fara, ga Kawu nan ya faɗa maka 13. Zo ka yi dare ɗaya a ɗakin masu ciwon huhu ka ga babba da hankalinsa yana roƙon a ƙara masa iska, sai mu yi maganar a bar shi.

Hajiyar Landan: Kuma ka lura ƙanina, kowa a zauren nan dokar da ta taɓa shi ce zalunci, wadda ta taɓa wani kuwa ta yi sassauci. Kai kana son a bar mota, Manomi yana son a bar ƙauye, Baban Biyu yana son a kama mai doki da mai shago a bar shi shi da dizal ɗinsa.

Baban Biyu (Lesta): Hhhh Hajiya kin kama ni. Amma duk da haka akwai bambanci fa. Ni lambar motata kawai kyamara ta ɗauka, ba kotu ba lauya, wasiƙa ta zo. Mai doki sai an kawo bidiyo an kawo shaida an tabbatar da niyyar da ke zuciyarsa, ga lauyoyi a bayansa. Ni wa ya tambayi niyyata? Ban ma san an faɗaɗa abin ya kai Barking ba.

Ɗalibi (Glasgow): Mai shagon dai kana iya kai ƙararsa, kowace ƙaramar hukuma tana da sashen sa ido kan 'yan kasuwa, sukan tura yaro ya gwada saye in aka sayar masa su ci shagon tara. Ba sai ka ba da sunanka ba.

Jikan Maharba (Kano): Ni dai har yanzu doki talatin ɗin nan ne ke damuna. Ba za a iya kawo min kare biyu daga cikinsu ba?

Admin: Jikan Maharba a bar maganar kare haka dan Allah.

Baban Biyu (Lesta): To 'yan uwa ga yadda aka yi. Na bi shawarar Kawu, na ce ya raka ni wankin mota, a hanya na ajiye abin a kan cinyarsa ban ce komai ba. Ya yi shiru har muka wuce randabawul biyu sannan ya fara kuka. Wai tun hutun bazara, ba ma a shago yake saye ba, wani ɗan ajin gaba da su ne ke sarowa yana sayar musu a banɗakin makaranta, da kuɗin abincin rana yake biya, shi ya sa yake dawowa gida yana cin tuwo kamar an kwana ba a ci ba ni kuma ina cewa girma ne. Ya ce ya gwada bari sau biyu kansa ke ciwo ya kasa karatu. Anti Nas wannan ciwon kan na abin ne ko dabara ce?

Anti Nas (Bamingham): Na abin ne, ba ƙarya yake ba. Kwana ukun farko ne masu wuya, zai yi ta fushi da rashin barci, bayan sati biyu zuwa huɗu yakan lafa. Ka kai shi wajen likitanku ko nas ɗin makaranta, akwai cingam da abin mannawa a fata da ake ba yara daga shekara 12. Kuɗin abincin kuma ka daina ba shi a hannu ka riƙa sawa a katin makaranta.

Kawu Mai Ritaya (Zariya): Kar kuma ka gaya wa dangi a gida, in suka sa masa suna ba zai fita ba.

Baban Biyu (Lesta): In sha Allah Kawu. 90 ɗin ma na biya ɗazu raina na suya. Direban Dare in ka ji mai sayar da ƙaramar mota mai fetur da ba ta wuce fam 2,000 ba ka taɓa ni ta gefe.

Direban Dare (Landan): Akwai wani ɗan Ghana a garejinmu da Yaris ta 2009, zan tambaye shi gobe. Amma ka saka lambar a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, ka duba da kanka kafin ka ba da ko sisi.

Na Maraɗi: Ni fa da gaske nake maganar ta 2012 ɗin.

Baban Biyu (Lesta): Sitiyarinta a dama yake malam, jandarmominku za su cinye ka. Baba ma ta kira ni yanzu wai ranar sabuwar shekara masu dawakan za su sake fitowa, in biyo ta bayan coci in fito da minti 20 a hannu.